Bututu Mai Ɗinki

Auta ta shekara shida tana aiki a shagon sayar da ƙarafa, har ta kai in ta ɗaga bututu ta leƙa cikinsa, za ta gaya maka aikin da aka yi shi dominsa. Tana cikin jera rodi wata safiya sai ga Baba, mahaifinta, ya shigo yana share gumi.

"Auta, bakin bindigata ya cinye," ya ce. "Birai sun mayar da gonata gidan surukansu. Yanko min bututu kamu uku in kai wa maƙeri."

Bindigar irin ta ɗuri ce, wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna. Tun kafin a haife ta yake da ita.

Ta ɗauko wani guntu ta nuna masa siririn layin da ya bi cikinsa daga wannan baki zuwa wancan. "Ka ga wannan, Baba? Ɗinki ne. Fallen ƙarfe aka naɗe aka bi shi da walda. Na ruwa ne. Albarushi na tashi a ciki, nan zai tsage."

"Iko sai Allah! Yau ɗan tsako ke koya wa zakara cara."

Ta yi dariya, amma ta hana shi.

Bayan mako guda ya dawo. Ya ce ya haƙura da zancen bindiga, sakata yake so ya yi wa ƙofar garken awaki. Kamu uku. Ta dube shi, shi kuma ya tsura wa sikeli ido kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Ta gane sarai. Amma ga mutane tsaye suna jira, ga tsoho ya sha rana a hanya, kuma sau ɗaya ta riga ta mayar da shi hannu rabbana. Ta ɗauki zarto ta yanka.

Maƙeri ma da ya leƙa ciki ya ce ba da shi ba. Baba ya koma bayan ɗaki ya haɗa abinsa da kansa. Harbi na farko lafiya, na biyu lafiya. Na uku da hantsi ne, a bakin gona. Maƙwabcinsa na gona ne ya goyo shi har titi.

Hannun hagu bai tsira ba, idanun ma haka. Yaya, babban wansu, ya iso asibiti riƙe da ƙarfen, wanda ya dare gida biyu daidai kan layin nan.

"Wane marar imani ne ya ba ka wannan, Baba? Ka faɗa min sunansa kawai."

Auta ta buɗe baki. Sai ta ji yatsun Baba sun laluɓo tsintsiyar hannunta sun matse.

"A bola na tsinta," ya ce. "Ka je ka kama bola."

Har yau Yaya bai sani ba. Sau biyu tana ƙoƙarin tayar da maganar in sun kaɗaita da Baba, sau biyu yana cewa barci yake ji.

Ta bar ɗakin da take zaune a gari ta dawo gida. Ita ke ɓalla masa maɓallin riga, ita ke kama shi zuwa inuwa. Wata rana ya ce gemunsa ya yi buzu-buzu, ta zaunar da shi a tsakar gida, ta yafa masa tawul, ta ɗauko almakashi. Tana bin gefen kumatunsa a hankali, inda wutar ta bar baƙaƙen ɗigo a fata, sai wani abu ya ɗiga a bayan hannunsa. Ta yi sauri ta goge idonta. Wani ya sake ɗiga.

Ya ɗaga fuska sama, ga rana tsaka tana dukan goshinsa.

"Auta," ya ce, "yi sauri ki gama. Kamar an fara yayyafi."