Gwangwanin Dorka

Tun da aka buɗe makaranta a watan Satumba, ƙanwata Dorka ba ta buɗe baki a aji ba. A gida ba ta barin mutum ya huta. Tana karanta rubutun da ke jikin kwalin madara, da sunayen da ke kan ƙofofin maƙwabta, da takardar da ake liƙawa a ƙofar benenmu. Amma da ta taka ƙofar aji ɗaya sai ta koma kamar gunki.

Malama Hudakova ta aiko a kira ni a farkon Disamba. Ni ake kira, don Mama tana Ostiriya tana jinyar wata tsohuwa, Baba kuma ya daɗe da rasuwa. Na gama sakandare bara, aiki bai samu ba. Ni ke dafawa, ni ke wanki, ni ke raka Dorka.

Malamar ba ta ce in zauna ba. Ita ta koyar da ni a wannan ajin, kuma ba ta taɓa so na ba.

"Rasto, ba zan ɓoye maka ba," in ji ta. "Bayan Kirsimeti zan nemi a mai da ita rabin aji. Ta ƙara shekara ɗaya can."

"Ta iya karatu."

"Kai ka ce."

"Ta fi rabin yaran nan iyawa, Malama."

"To ni ban ji ba. Yaron da ban ji muryarsa ba me zan rubuta a kansa? Cewa yayansa ya rantse?"

Ta gyara tabarau, ta ce ranar ƙarshe kafin hutu akwai darasin biskit, wanda iyaye ke zuwa kallo duk shekara. Kowane yaro zai zo da gwangwanin biskit ɗin zuma na gida, an yanka shi da siffar haruffa. Za ta jera wa yaro kalma a kan teburinsa, ya karanta da ƙarfi, ya ci harafi ɗaya, ya faɗi nawa suka rage.

"Shugabar makaranta za ta zo," in ji ta. "In ta karanta a gabanmu, ta zauna. In ba ta karanta ba, kada ka zo min da fuskar nan."

"Wace fuska?"

"Wannan da kake yi yanzu. Tun kana ɗan shekara shida kake yin ta."

Da na gaya wa Dorka, abin biskit ɗin kawai ta ji. Ta ce in dai da nata haruffan ne, za ta karanta. Ta ce na takarda da Malama ke ba su kowa ya taɓa su, suna wari. Na ce ta rantse. Ta ɗaga yatsu biyu ta rantse.

Mama ta ce za ta dawo ta yi mana. Ba ta dawo ba. Matar da ke karɓar ta a wurin aiki ta kwanta rashin lafiya, sai aka ce ta zauna har jajibirin Kirsimeti. Ta gaya min a waya tana kuka, sauran kwana kaɗan a yi darasin.

Kowa a garin nan ya san biskit ɗin zuma ba ranar ci ake gasa shi ba. Yana fitowa daga murhu da tauri kamar tayil. Sai an rufe shi a gwangwani da yankin tuffa ɗaya, ya yi makonni a wuri mai sanyi, sannan ya yi laushi. Matan benenmu tun ƙarshen Nuwamba suka gama nasu.

Na sauka hawa na biyu wajen Gwaggo Vilma, yayar Baba. Ba wanda ya kai ta iya gasa biskit a unguwar. Jikanta Kubo ajinsu ɗaya da Dorka. Ta buɗe ƙofa rabi, ƙamshin kirfa da kanumfari ya fito ta gefenta.

"Me kuma?"

"Gwaggo, haruffa nake so. Ko kaɗan ne. Na Dorka."

"Uwarta fa?"

"Kin sani."

"Na sani mana. Tana can tana goge gindin tsohuwar wasu, ta bar nata a hannun ƙato marar aikin yi."

"Ba don ita na zo ba. Don 'yar ƙaninki na zo."

"Yau ka tuna da ƙanina? Da ta sayar da gonarsa wa ya sauko ya tambaye ni?"

"Dorka ba ta sayar da komai ba."

"Na Kubo na yi, daidai shi. Ba gidan biredi nake da shi ba." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ai kun yi boko. Je ka gasa."

Ta rufe ƙofa. Na ji tana murza makulli, kamar zan fasa in shiga.

Na gasa. Na haɗa fulawa da zuma da ƙwai da kirfa yadda na ga Mama na yi. Ba mu da ƙarafan yanka haruffa, sai na yi da wuƙa. Dorka na tsaye a kan kujera tana ba da umarni.

"Yaya, wannan ba harafi ba ne, ƙugiya ce."

"Rufe min baki."

"Wannan kuma kamar karen da mota ta taka."

"Zo ki yi da kanki, malama."

Sun fito da kyau fiye da yadda na zata. Muka zana musu farin ƙwai da sukari. Da suka huce na ciji ɗaya, sai da na ji a ƙwaƙwalwata. Dorka ta ƙwanƙwasa wani a kan tebur, ya yi ƙara kamar cokali.

"Ba zan iya ci ba," ta ce. "Haƙorina na girgiza."

In ba ta ci ba, ba lissafi. Na san Malama Hudakova. Za ta ɗaga shi sama ta nuna wa iyaye.

Na zauna na yi tunani. Yankin tuffa ɗaya yana aiki a makonni. Ni kwanaki ne da ni. Sai na yanka tuffa da yawa, na shimfiɗa tsakanin haruffan, jeri bisa jeri. Na rufe gwangwanin, na naɗe bakinsa da salatif, na ɗora shi a kan ƙarfen da ke ɗumama ɗaki don zafi ya hanzarta abin. Mama kullum tana cewa in ana buɗe gwangwani laushin yana gudu. Na ce wa Dorka duk wanda ya taɓa shi zan karya masa yatsa. Ni ma ban taɓa ba.

Ranar darasin ajin ya cika. An jera ƙananan kujeru a baya, iyaye mata sun matse a kansu da manyan rigunan sanyi. Namiji ni kaɗai ne, sai wani tsoho da ke gyangyaɗi. Shugabar makaranta na zaune kusa da taga. Gwaggo Vilma ta zo da sabuwar hula. Ta gan ni ta ɗauke kai.

Teburin Kubo na gefen na Dorka. Shi aka fara kira. Haruffansa duk tsawonsu ɗaya, zanen jikinsu kamar ɗinki. Malama ta jera masa kalma. Ya tsaya yana jan ta kamar mai hawa tudu, sai da Malama ta faɗa masa farkon. Ya ci ɗaya, aka ce nawa suka rage, ya ƙirga da yatsu. Aka tafa. Gwaggo ta fi kowa.

Yara suka yi ta wucewa. Wata ta cinye biyu a maimakon ɗaya, aka yi dariya. Dorka ta rungume gwangwaninta da hannu biyu. Ta waigo sau ɗaya. Na gyaɗa mata kai.

"Dorka," in ji Malama. "Buɗe mu gani."

Ta kasa cire salatif ɗin. Malama ta sa farce ta yage, ta ɗaga murfin, ta ja da baya.

Warin ya iso har inda nake. Tsami, irin na tuffar da ta ruɓe a ƙarƙashin bishiya. Malama ta sa yatsu biyu ta ɗago, sai abin ya taso gaba ɗaya, dunƙule guda, yana ɗiga. Farin zanen ya narke ya zama ruwa. A gefe ɗaya fumfuna ta fito, koriya.

Yaran gaba suka toshe hanci. Kubo ya ce, "Kashi!" Ajin ya fashe da dariya.

"Tuffa nawa ka zuba?" wata mata ta tambaye ni.

"A kan wuta ya ɗora shi," in ji Gwaggo Vilma, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Na rantse a kan wuta ya ɗora. Ku ji min ɗan boko."

Malama ta mai da murfin, ta kai gwangwanin bakin ƙofa ta ajiye a ƙasa. Ta goge yatsunta.

"Ba komai, Dorka. Ga na takarda."

Ta zubo mata haruffan takarda. Dorka ta sa hannuwanta a ƙarƙashin tebur, ta sunkuyar da kai. Malama ta jera kalma ta jira. Ta sake jira. Ta dubi shugabar makaranta, shugabar ta dubi agogo.

"To. Na gaba."

Na miƙe. "Malama, a ba ta biskit."

"Zauna, Rasto."

"Kowa da biskit ya yi. A ba ta na wani."

"Darasi nake yi."

"Gwaggo," na ce, "Kubo ya gama da nasa. Ara mata."

"Ya gama ya kai gida," in ji Gwaggo. "Ni na tsaya a kansu. A taɓa min su da hannun da ya taɓa wancan ruɓaɓɓen?"

"'Yar ƙaninki ce."

"Ka faɗa min rannan. Ban kurumce ba."

Ban san lokacin da na isa gaban ajin ba. Na fizge gwangwanin Kubo na juye shi a kan teburin Dorka. Wasu suka faɗi ƙasa suka farfashe. Na share na takardar da hannu, na jera mata kalmar taga, wadda muka yi ta yi a gida.

"Karanta."

Kubo ya tsala ihu. Gwaggo ta taso, kujera ta kife a bayanta. Ta ci kwalar rigata ta zabga min mari.

"Ɓarawo! Ɗan ɓarauniya!"

"Sake ni, tsohuwar banza!"

"Ni? Ni kake zagi? Ku ji! Ku ji abin da ta haifa!"

"Ke da ko ruwa ba kya ba maraya!"

Malama ta shiga tsakaninmu tana tura ni da gwiwar hannu. Shugabar makaranta na buga tebur. Yara biyu sun fara kuka, sauran sun hau kan kujeru. Ina ihu, Gwaggo na ihu. A cikin haka na dubi ƙasa.

Dorka ta ɗora yatsa a kan harafin farko. Bakinta ya motsa. Ina kusa da ita, na ji.

"Taga."

Ta ɗauki na ƙarshen ta ciza. Ta dubi sauran. "Saura uku."

"Ta karanta!" na ce. "Malama, ta karanta! Kin ji?"

Malama tana riƙe da hannun Gwaggo. Gashinta ya warware. "Me zan ji? Wa ke jin wani abu a nan?"

"Dorka, sake faɗa. Sake!"

Ajin ya yi tsit. Kowa ya zuba mata ido. Biskit ɗin na cikin bakinta, ba ta tauna ba, ba ta haɗiye ba.

"Faɗa mana!" Na buga teburin da tafin hannu. Ta zabura. Hawaye suka zubo, bakin ya ƙara rufewa.

"Fita," in ji shugabar makaranta. "Ka jira a waje."

Na jira a baranda kusa da inda yara ke rataye riguna. Ina jin su a ciki, an ci gaba. An yi waƙa. Da aka tashi iyaye suka wuce ni, ba wadda ta dube ni. Gwaggo ta ja Kubo ta ɗaya gefen.

Malama Hudakova ta fito daga ƙarshe.

"Ta karanta," na ce.

"Mai yiwuwa."

"Na ji da kunnena."

"Ni ban ji ba, shugaba ba ta ji ba. Abin da muka ji kai ne." Muryarta ba faɗa a ciki, gajiya ce kawai. "Da ina shakka. Na ce ko in bar ta zuwa bazara in gani. Yanzu shugaba ta ga gidan da take fitowa, ta yanke. In uwarku ta dawo ta zo ta same mu. Ita, ba kai ba."

"Malama."

"Kuma kada ka sake shigo min aji."

Na sa wa Dorka riga, na ɗaura mata gyale a wuya. Muka fito. Dusar ƙanƙarar da ta zuba da safe ta narke ta zama taɓo. Ba ta ba ni hannu ba. Muka wuce tashar bas, muka wuce kantin magani, tana gaba ina baya.

A bakin gada ta tsaya.

"Wajen jarirai za a mai da ni?"

"E."

"Masu barcin rana?"

"E."

Ta share hanci da bayan safar hannu.

"Na faɗa fa, Yaya."

"Na ji."

"Kai kake ta ihu."

Ta juya ta hau gadar, na bi ta.