Kwaɗon da Ya Jira Genzo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

A garin Takaoka na ƙasar Japan akwai wata tsohuwa, Kikue, wadda ta rufe shagonta na awara bayan rasuwar mijinta, ta koma zama da yayanta Genzo a gidan da aka haife su. Duk Alhamis da hantsi sukan shimfiɗa koren ƙyalle a tebur su buga majan, wasan jera ƙwayoyi masu zane da ake yi mutum huɗu: ita, da Genzo, da Isamu tsohon direban jirgin ƙasa, da Tomiko mai gyaran gashi, wadda bakinta ba ya hutawa. Ba caca, ba giya, sai koren shayi da gasasshen dankali da gori.

Genzo ne ya koya musu wasan, shi ne kuma mai tsare doka. Wadda ya fi tsarewa ita ce dokar kira. Idan wani ya yar da ƙwayar da za ta cika maka hannu, wato jerin ƙwayoyinka ya kammala ka ci wasa, sai ka ce "ron" da bakinka, nan take, kafin na gaba ya ɗauki tasa. Ka makara, ta wuce ka. Shekara da shekaru Tomiko na roƙon a yi mata uzuri, wai dankali ne a bakinta, Genzo bai taɓa ɗaga mata ƙafa ba.

Sai ga shi a farkon sanyi ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannu ya ɗan dawo, hankali kuwa dama bai je ko'ina ba. Harshe ne ya yi nauyi. Kalma tana nan sarai a kansa, amma kafin ta sauko baki sai ta yi ta jan ƙafa.

Alhamis ta farko da ya dawo tebur, Isamu ya yar da wata ƙwaya. Kikue ta ga idon yayanta ya yi haske, ta ga leɓensa na rawa. Tomiko ba ta gani ba, tana ba da labarin surukarta, ta miƙa hannu ta ɗauki tata. Sai a sannan kalmar ta fito, a karye.

"Wayyo, Genzo-san, ban lura ba," in ji Tomiko. "Ga ta, na mayar. Ai ban ma duba ta ba."

Isamu ya ce, "A mayar, a mayar. Mu ne fa, ba gasa ake ba."

Genzo ya girgiza kai. Ya kife ƙwayoyinsa da hannun hagu, ya sunkuyar da kai ya ba su haƙuri don ya ɓata musu lokaci, ya dogara sandarsa ya shige ɗaki. Tun daga ranar bai sake zama a teburin ba. Sai gaban talabijin, sai e da a'a da ka. Likitar da ke koya masa magana ta gaya wa Kikue a fili cewa idan ya ci gaba da yin shiru, ɗan abin da ya rage masa na harshe ma zai tafi. Abin da ke hana Kikue cin abinci ke nan. Ta san yayanta: zai gwammace ya mutu bebe da a riƙa jiransa don tausayi.

Majan kuwa ba ya yiwuwa da kujera a wofi. Su ukun suka koma haɗuwa a shagon Tomiko, suna shan shayi kamar masu zaman makoki. Wata mai zuwa gyaran gashi ce ta nuna musu wani ɗan wasan majan na cikin waya, na masu neman rage lokaci, inda wani kwaɗo mai jar hula ke cike gurbin duk wanda babu. Kowa ya sa a wayarsa, suka haɗa tebur ɗaya, suka gwada.

Ba su gama zagaye ɗaya ba Isamu ya ajiye tabaransa.

"Wannan wasan yara ne. Ina ƙarar ƙwayoyi? Majan ɗin da ba ka cakuɗa da hannunka ba ai kallon hoto ne. Kuma kwaɗon nan maguɗi yake yi."

"Don ya ci ka ne ya zama mai maguɗi?" in ji Tomiko. "Ni kiɗan ne ya dame ni. Kamar ina layin biya a kanti."

"Ba ma wannan ba. Dubi nan. Dubi! Ya sake tsayawa. Duk sanda aka yar da ƙwayar da wani zai iya kira, sai komai ya daskare har mutum ya danna e ko a'a. Da haka na tuƙa jirgi da tuni an kore ni."

"Kai fa yake jira, Isamu-san. Danna mana."

"Ina neman tabarau ne."

Suka ci gaba da musunsu. Kikue kuwa ta buɗe wurin da 'yan wasa ke rubuta ra'ayinsu, tana bi a hankali. Wani ya ce yana da daɗi a cikin jirgin safe. Wata ta ce kwaɗon ya fi mijinta fara'a. Amma yawancinsu kukansu ɗaya da na Isamu. Wani ya rubuta cewa abokin wasansa ya tafi wanka, wasan ya tsaya cak har ya dawo. Wani ya ce bai taɓa ganin wasan da ba shi da agogo ba, a gyara ko ya goge shi. Kikue ta karanta wannan sau biyu, ta tuna da yayanta.

"Alhamis mai zuwa a gidanmu za mu buga wannan," ta ce.

"Wannan shirmen?" in ji Isamu. "A gaban Genzo-san? Ai sai ya kore mu da sanda."

"In ya kore mu da baki ma na gode. Kai dai ka zo da ƙorafinka duka, kada ka rage komai. Kuma kada wanda ya ce masa ya zo ya buga."

Ranar Alhamis suka zauna a ɗakin da Genzo ke kallon talabijin, ƙafafu a ƙarƙashin bargon teburin ɗumi. Suka gaishe shi, ya amsa da ka. Kikue ta zauna ɗan gaba da shi, ta jingina babbar wayarta da kwanon lemo yadda fuskarta ke kallonsa. Isamu ya fara aikinsa ba tare da an roƙe shi ba. Ya zagi kiɗan, ya zagi hular kwaɗon, wasan ya tsaya yana jiransa ya laluba tabarau, Tomiko ta ce ko a kira masa ma'aikatan tasha su taya shi nema.

Kikue ba ta waiwaya ba, amma ta ji ƙarar talabijin ta ragu. Da ta kai yatsa za ta yar da wata ƙwaya, sai ta ji Genzo ya yi wani ɗan gurnani a bayanta. Ta janye yatsan, ta yar da ta kusa da ita. Gurnanin bai sake zuwa ba. Haka aka yi ta tafiya har hannunta ya rage ƙwaya ɗaya ya cika.

Sai butar shayi ta fara fito a kicin.

"Ku ci gaba, ina zuwa," ta ce, ta bar wayar a inda take.

Ta kashe wuta, ta tsaya riƙe da butar, ba ta zuba ba. Tana jin Tomiko ta danna, tana jin Isamu ya danna. Sai kiɗan ya canza zuwa ɗan sautin nan na jira.

"To, ga shi kuma," in ji Isamu. "Ya daskare. Kikue-san, kwaɗonki na kiranki."

Ta ci gaba da tsayuwarta a kicin. In Genzo ya gane tarko ne, zai tashi ya shige ɗaki, kuma ba ta da wata dabara bayan wannan. Sautin jiran ya yi ta maimaita kansa.

Can sai muryar Genzo, kalma ɗaya bayan ɗaya, kowacce da nauyinta.

"Kowa... yake... jira?"

"Kowa," in ji Isamu da haushi na gaskiya. "Ni ya jira ni, wannan mai surutun ya jira ta. An ce har wanda ya tafi wanka yana jira. Ba shi da tarbiyya ko kaɗan."

Kikue ta leƙo ta gefen ƙofa. Yayanta ya matso, yatsansa na hagu a saman wayar, bai danna ba. Leɓensa na ta kokawa. Ba zai taɓa ƙwaya ba sai ya kira ta da baki, haka ya koya musu. Wasan kuma bai ce masa ya yi sauri ba.

"Ron," in ji Genzo. Sannan ya danna.

Kwaɗon ya yi tsalle ya cilla hularsa sama. Isamu ya leƙa ya ga ƙwayarsa ce aka ci, ya dafe kai.

"Da ƙwayata kuma? Mutum yana kallon talabijin, ashe hannuna yake karantawa."

"Kai... ka... yar," in ji Genzo.

Tomiko ta kwashe da dariya tana goge ido da bakin rigarta. Kikue ta koma cikin kicin, ta zuba shayin, ta ajiye butar. Ta ji yunwa ta taso mata, irin wadda ta manta da ita tun farkon sanyi. Ta fito da shayi da dankali, ta tarar an cinye mata wurin zama.

"Yaya, wayata ce fa."

"Nemi... taki."

"To ya ka ga wasan?"

Genzo ya daɗe yana haɗa amsar, su ukun kuma ba wanda ya taya shi. "Kiɗan... banza," ya ce. "Raba... ƙwayoyi."

Daga nan Kikue ta sayi wata wayar, suka koma su huɗu, kwaɗon ya rasa kujera sai tsalle kawai yake yi idan an ci. Genzo bai koma magana kamar da ba, amma yana yin ta kullum, yawanci don gyara wa mutane wasa. Isamu har yanzu yana cewa wasan yara ne, kuma shi ke fara zuwa. Tomiko ta rubuta nata ra'ayin a wurin 'yan wasa, ta ce a canza kiɗa amma kada a taɓa jiran. Kikue kuwa tana cin abincinta, kuma duk Alhamis tana shan kashi a hannun yayanta.