Kujerar Dogo

Da Dogo ya sayi motar nan mai aiki da lantarki, abu ɗaya ne ya hana shi jin daɗinta: ta yi masa kaɗan. Ko an tura kujerar direba har ƙarshe, gwiwoyinsa na dukan sitiyari. Sai ya sa aka cire ƙarfen da kujerar ke zamewa a kansa, aka ɗora ta kan wasu faffaɗan ƙarafa can baya, aka ɗaure tam. Tun daga ranar ba ta gaba, ba ta baya. A kanta yake kwasar 'yan makarantar unguwa safe da rana, har zuwa ciwon cikin da ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba.

Matarsa, wadda yake kira Guntuwa, tsayinta iyakar aljihun rigarsa ne. Shi ya koya mata tuƙi, da filo a bayanta da wani a ƙarƙashinta, har ta samu lasisi. Da ta fita takaba ta ce ita za ta ci gaba da kwasar yaran. Ranar da ta fito gwaji, filon ya zame a kwanar layinsu, ƙafarta ta nemi birki ta rasa, ta je ta kwashe teburin mai tumatir. Ba wanda ya ji ciwo sai tumatir. Amma labarin ya riga ta isa gida.

Surukarta ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce Auta, ƙanen Dogo, wanda shi ma dogon ne, zai karɓi makulli ya riƙa yin aikin, ita kuma ta zauna ta kula da marayunta. Guntuwa ta saurara har aka gama.

Washegari da safe ta ɗauko filo biyu ta goya su a baya da zani, ta ɗaure gam yadda ake goya yaro, ta shiga motar. A hankali ta riƙa tafiya, masu keke na wuce ta, har ta kai garejin Baba Sifana. Rumfar kwano ce mai rami a tsakiya, tsofaffin tayoyi jibge a gefe, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai. Tsohon yana zaune kan wani jak yana goge hannu. Da ya ga ta fito da goyo sai ya tura tabarau saman goshi.

"Matar Dogo, haihuwa aka yi ba a gaya mana ba?"

"Tagwaye ne, Baba. Kuma yau zan yaye su."

Ya yi dariya, sai kuma ya katse ta. Ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Kujerar nan nake so ka matso mini da ita."

"Surukarki ta san kin zo?"

"Bakanike na zo nema, Baba, ba alƙali ba."

Ya dube ta, ya dubi motar, ya miƙe. Ya ce shi ba ya taɓa kujera sai ya ga abin da ke ƙarƙashinta. Ya sa safar hannu ta roba mai kauri, ya ɗaga kujerar baya, ya zare wani abu kamar marfi mai ruwan lemo. Ya ce yanzu ya raba motar da wutarta. Ya nuna mata wasu kaurara wayoyi masu launin marfin, ya ce in ta gan su ko a mafarki kada ta kai hannu. Sannan ya ɗaga motar ya cire tayoyin gaba, ya leƙa, ya yi tsaki.

"Zo ki gani. Kin ga faifan birkin nan? Tsatsa ce ta cinye shi. Irin wannan mota da ka ɗaga ƙafa daga totur ita da kanta take rage gudu. Mijinki ya saba da hakan, sai ya yini bai taka birki ba. Ƙarfe kuwa in ba ya aiki maƙalewa yake. Ranar tumatir ɗin nan, ko ƙafarki ta kai, da ƙyar ta tsaya miki."

Guntuwa ta dubi faifan birkin. Ga magana ta samu da za ta kai wa surukarta. Ta ɗan juya ta a ranta, sai ta girgiza kai.

"Ƙafata ce ba ta kai ba. Kar a ɗora wa Dogo, ba ya nan balle ya kare kansa. Ka gyara kawai."

Baba Sifana ya kwance birkin, ya kankare tsatsar, ya shafa wa ƙusoshin giris har suka riƙa shiga da fita sumul. Ita ke miƙa masa kayan aiki. In ya ce sifana ta miƙo filaya, ya ce, "Wannan ƙanwarta ce, yayar nake nema." Kafin a gama taya ta biyu ta san su.

Da aka zo kan kujera ta ce a huda sabon wuri a gaba a ɗaure ta, ai ba wuya. Tsohon ya buga tafin hannu a daɓen motar.

"Kin san abin da ke kwance a nan? Batir ne, daga nan har baya. In na huda ko na kawo wutar walda, ni da ke da rumfar nan sai dai a ji labari. Ramukan da ta zo da su, da su za a yi aiki."

Shi ne dama ya yi wa Dogo aikin farko, kuma shi ba ya yar da ƙarfe. Ya zaga bayan rumfa, aka riƙa jin ƙarar tarkace, can sai ga shi da ainihin ƙarfen zamiyar kujerar, yana kaɗe masa yanar gizo. Suka kwance notuna, suka fitar da kujerar, suka cire ƙarafan Dogo, suka mai da na asali. Ya ce ta hau.

Ta hau, ta ja kujerar gaba har ta yi ƙas. Ƙafarta ta sauka kan birki daidai, ba miƙa, ba ɗage. Ta taka, ta sake takawa. Amma da ta ɗago kai, sitiyari kawai take gani. Shekarun da Dogo ya yi a wurin sun lotsa soson, ya yi rami daidai jikinsa, ta nutse a ciki kamar an jefa ta a kwando.

"Sai an canza soso," in ji Baba Sifana. "Ga mai kushin nan makwabcinmu. A farke rigar, a fitar da wannan, a sa sabo mai tudu."

Suna sake fitar da kujerar ne Auta ya faɗo garejin, yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Matar Yaya! Tun safe nake zagaye gari. Mama ta ɗauka sace motar aka yi."

"Ɓarauniyar ce a gabanka. Sai ka kama ni."

"Haba, ai an gama magana jiya."

"Kun gama. Ni ban fara ba."

Ya juya wajen tsohon. "Baba, don Allah ka mai da komai yadda yake."

Baba Sifana ya ce shi wanda ya kawo mota yake yi wa aiki, ya koma kan jak ɗinsa ya zauna.

Auta ya ce ai ba ƙwace zai yi ba, don ita da yaran zai yi. Ya ce wane uba ne zai ba ta ɗansa bayan abin da ya faru a kwana? Ta ce wannan tsakaninta da iyayen ne, za ta bi su gida gida. Ya ce aikin na da wahala. Ta ce jinyar yayansa ma da wahala, kuma ba ta ga an yi layin karɓe mata ba. Auta ya kau da kai. Sai idonsa ya kai kan kujerar da ke ajiye a ƙasa, da mai kushin da ya shigo riƙe da reza da sabon soso a hammata.

"Me za a yi mata?"

"Soso za a canza."

Auta ya durƙusa. Ya sa tafin hannunsa cikin lotsawar, ya bar shi a wurin. Da ya yi magana, muryarsa ta sauya.

"Kayansa an rabar. Takalmansa ma an bayar. Nan ne kaɗai wurin da ya rage da siffarsa. In na zauna a nan, ji nake kamar yanzu ya tashi. Ki matsar da ita in kin ga dama, amma kar ki farke. Ki ci gaba da sa filo."

Wannan ta fi duk maganganun jiya zafi, don gaskiya ce. Ta sha hango shi ta taga ya shiga motar a tsakar gida, ya rufe ƙofa, bai kunna ba. Abin da bai sani ba, da ya fita ita take shiga.

"Ka ɗauka kai kaɗai kake zama a ciki?" ta ce. "Na fi ka sanin ramin nan. Amma in ina cikinsa ba na ganin hanya, Auta. Filo kuma na ga ƙarshensa. 'Ya'yan mutane zan ɗauka."

Mai kushin ya tsaya yana dubansu, ya rasa na wanda zai bi. Guntuwa ta miƙa masa hannu.

"Ba ni rezar. Ba na so a ce wani ne ya yi."

Ta durƙusa gefen Auta, ta nemi bakin ɗinki ta fara yanka zaren. Rezar ta kauce ta ɗan yanke ta a yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Da rigar ta buɗe, wani wari ya taso, na gumi da turaren da Dogo ke shafawa, kamar ya shigo rumfar ya tsaya a bayanta. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma tsaya ba. Ta kai ƙarshen ɗinkin, ta sa hannu biyu ta ɓanɓaro soson. Ya yi ruwan ƙasa, ya tsufa, gefensa na marmashewa. Ta ɗora wa Auta a cinya.

Mai kushin ya yanka sabon, ya cusa, ya ɗinke. Baba Sifana ya ɗaure kujerar, ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙara matsewa, ya mai da tayoyi, ya mai da marfin wutar. Ya ce ta gwada.

Ta hau. Ga gaban mota, ga ƙofar gareji, ga titi har can. Ta danna maɓalli, motar ta farka ba ƙara. Ta matsa gaba kaɗan ta taka birki, motar ta tsaya cak har tsohon ya ce, "To, a hankali, ba gaba kike da birkin ba." Ya ce ta riƙa taka shi sosai kullum, ko ba dalili, kada tsatsa ta dawo.

Ta sauke gilashi ta dubi Auta. Yana tsaye da soson a ƙirji.

"Wajen Mama zan je, da bakina zan gaya mata. Makulli yana hannuna, a nan kuma zai zauna. Za ka shiga ko da ƙafa za ka koma?"

Ya gyara riƙon soson. Sannan ya buɗe ƙofar da ke bayan direba, inda a zamanin Dogo ko ƙaramin yaro sai ya naɗe ƙafa. Ya zauna, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, suka shige har da saura. Ya dube su kamar ba nasa ba.

Ta kai bakin titi ta tsaya tana jiran motoci su wuce.

"Matar Yaya, ki kunna sigina."

"Na kunna. Kai dai riƙe yayanka da kyau."

Hanya ta buɗe, ta shiga.