Baƙin Allon Baba

Shekara talatin Baba ya yi yana buga tafireta a ofis, amma ɗan linzamin kwamfuta ya gagare shi. Tun da hannunsa na dama ya fara rawa, kibiyar nan ta kan allo ta raina shi: ya nufi gabas, ta yi yamma. Ranar da ta rufe masa shafi uku na tarihin iyayensa da yake rubuta wa jikoki, bai yi faɗa ba. Ya ture kujera kawai ya ce ya haƙura. Abin ya yi wa Auta ciwo, 'yarsa ta ƙarshe, wadda kwamfuta ce sana'arta.

Ta daɗe da lura cewa in yatsunsa suka sauka kan madannai, rawar takan lafa. Ranar da za ta koma garin da take aiki, Baba na barcin rana, ta ba kwamfutar umarni layi ɗaya: daga yau in an kunna ta, ba hoto, ba kibiya, rubutu zalla. Ta rubuta matakan a takarda ta tura ƙarƙashin madannai. Sauri ya haifi nawa, ta tafi ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari Mama ta kunna don ta ga hoton jikokinta da ya saba fitowa. Allo baƙi ƙirin, sai ɗan layi yana ƙyaftawa. Ta ɗauka Auta ta lalata komai, har da rubutun. Ba ta kira ta ba, kada ta ji kunya. Ta rufe kwamfutar da zane, kwana uku tana ce wa Baba ana barinta ta huta. Baiwar Allah, ko ƙarya ba ta iya ba.

A rana ta huɗu ya yaye zanen da kansa.

"Malam, kada ka kunna," in ji Mama. "Ta mutu. Ɓoye maka na yi."

Gefen takardar ya leƙo. Ya zaro ya karanta, ya kunna, ya buga abin da aka ce. Rubutunsa ya bayyana, fari a kan baƙi.

"Ke dai! Wannan ai tafireta ce aka ja mata wuta."

Ya gyara zama, ya hau bugu. Mama, da ta yi shekaru tana mita kan ƙarar bugunsa, ta tsaya a ƙofar kicin tana share ido da gefen mayafi. Ranar ko rediyo ba ta kunna ba.