Jan Ɗigo a Ƙarƙashin Fenti

A masana'antar abincin kaji akwai sikeli goma sha biyu, jere a ƙarƙashin rumfa guda, kowanne yana auna buhu kafin a ɗinke bakinsa. Ba da kalmomi suke magana da kwamfutar ofis ba. Lambobi zalla suke turowa ta waya, a cushe, ba waƙafi ba aya, sai wani ya rubuta kod ɗin da zai warware su ya ce nan nauyi ne, nan lambar buhu, nan kuma inji ne ke ƙorafi. Shekara ashirin da biyu Baba yana rubuta wannan kod da hannunsa.

Yanzu idonsa ya fara gajiya. Ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa har kalma huɗu ke cika allon, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba. 'Yarsa Auta, wadda ta gama karatu aka ɗauke ta aiki wata takwas da suka wuce, tana lura, ita ma ba ta ce komai ba. Leburori na kiransa Injiniya Babba, ita kuma Injiniya Ƙarama.

Ranar Litinin Manaja ya kira ta ofishinsa ita kaɗai.

"Zamani ya wuce rubutun hannu, Injiniya. Akwai manhajojin da ke rubuta kod da kansu. Ki zaɓo mana ɗaya kafin Juma'a." Ya juya biro a yatsunsa. "In ta yi aiki, tsohon sai ya je ya huta ƙarshen wata. Ai kin fahimce ni."

"Na fahimta, yallaɓai," in ji ta. Ta tashi ta fito.

Manhajoji biyu ta samo. Ta farko ta sa mata suna Mai Kwalliya: kana ba ta fayil ɗin bayanin da kamfanin sikeli ya bayar, ka danna maɓalli, kafin shayinka ya huce ta gama komai. Sai dai ba ta karɓar gyara, abin da kamfani ya rubuta shi kaɗai ta sani. Ta biyu kuwa Mummuna ce, baƙin allo da farin rubutu. Dole mutum ya zauna ya bayyana mata lambobin kowane saƙo gida-gida, inji bayan inji, sannan ta rubuta kod ɗin. Aikin watanni ne.

Auta ta san wadda Manaja ke so. Ta kuma san in ta zaɓi Mummuna don kawai a bar Baba, zai gane, kuma ba zai yafe mata tausayin ba.

Da yamma a gida Mama tana ninke wanki a falo, ta dubi ɗaya ta dubi ɗaya.

"Yau injiniyoyin nawa ba faɗa? Ko wayar ce ta tsinke?"

"'Yarki za ta kawo wadda za ta gaje ni," in ji Baba yana dariya. Ashe ya riga ya ji. "Auta, ki zaɓi wadda ta fi. Kar ki dube ni."

"Baba, ni ban ce..."

"Na san ba ki ce ba. Ni ne na ce."

Ranar Laraba da hantsi aka yi gwaji, Manaja na tsaye ya harɗe hannuwa, Baba na zaune a kujerarsa ta roba can gefe. Auta ta saka kod ɗin da Mai Kwalliya ta rubuta. Sikeli na ɗaya ya ce kilo ashirin da biyar. Na biyu ma haka. Manaja ya gyaɗa kai. Aka ɗora buhu a na uku, allon ya nuna kilo dubu shida da ɗari huɗu.

Shugabar masu ɗinkin buhu, wadda ake kira Inna Zare, ta leƙo.

"Injiniya Ƙarama, wannan buhun da na ɗaga yanzu da hannu ɗaya? To daga yau a riƙa gaishe ni da ladabi."

Aka yi dariya, ban da Auta. Ta sake duba bayanin kamfani, layi-layi, ba kuskure ko ɗaya.

"Na uku ne?" Baba ya tambaya daga kujerarsa. "Ai wannan a juye yake magana. Ba ki ga jan ɗigon ba?"

"Wane ɗigo, Baba?"

Ya taso yana bayani a hanya. Lambar kowane nauyi, raba ta ake yi gida biyu a turo, babban gida a gaba, ƙarami a baya. Amma wata shekara tsawa ta ƙone cikin sikeli huɗu, aka sa musu kayan wani kamfani, su kuma ƙaramin suke fara turowa. Shi ya sa ya ɗiga wa kowannensu ja a murfin akwatinsa, don duk mai aiki ya sani.

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro," ya ce, yana nuna murfin.

Auta ta duba. Shuɗin fenti ne kawai, sabo fil, wanda aka shafa wa duk injinan watan jiya saboda baƙi. Kullum Baba yana wucewa ta nan sau goma, bai ga an shafe ba.

Baba ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen. Sannan ya ɗora babban yatsansa yana shafawa a hankali, har ya tsaya a kan wani ɗan tudu kamar ƙwayar gero.

"Yana nan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni ne dai ban gani ba."

Auta ta ɗauko littafi da biro.

"Baba, waɗanne ne sauran ukun?"

"Na shida, na tara, na goma sha ɗaya." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Na bakwai kuma yakan ƙara gida guda na banza in an kashe shi an kunna. Na goma sha biyu ba ya son a tambaye shi sau biyu a jere."

"Duk wannan a ina aka rubuta?" in ji Manaja.

Baba ya taɓa kansa. "Laifina ne, ranka ya daɗe. Kod ɗina ya san da su, amma ban bar bayani ko layi ɗaya ba. Na ɗauka kullum ina nan."

Auta ba ta jira Juma'a ba. Ta juya ga Manaja.

"Yallaɓai, ta farkon ba ta san injinanmu ba, na cikin takarda ta sani, kuma ba inda za a gaya mata. Ta biyun tana karɓar bayanin kowane inji daban. Ita na zaɓa. Sai dai ni ban san abin da zan gaya mata ba. Shi ya sani."

Manaja ya dubi allon, inda dubu shida da ɗari huɗu ke nan ba ta motsa ba.

"Wata nawa?"

"Shida, in yana faɗa ina rubutawa."

"To a yi shidan. Bayan nan mu ga abin da ya rage a kan nasa."

A gida Auta ta ba da labari, ta tsallake wurin da Baba ya sunkuya. Mama ta ajiye ludayi.

"Tsaya. Jan ɗigo da me?"

Baba ya shiga gyaran hularsa.

"Malam, jan farcena da ya ɓata shekarar da Auta ta shiga aji uku? Wanda na ɗora wa ƙanwata laifi har ta yi wata ba ta zo gidan nan ba?"

"Ba ya gogewa da mai, shi ya sa."

Mama ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramar kwalba, ta danƙa wa Auta.

"Ungo. Ki sake ɗiga musu, ki yi manya yadda ubanki zai gani. Kuma jibi ki kai shi wurin likitan ido, ni ya daina jin maganata."

Washegari da safe suka fara daga sikeli na ɗaya. Baba ya jawo kujerarsa ta roba kusa da tata, ya rufe idonsa.

"Rubuta," ya ce. "Gida na farko, lambar inji."