Abin da Tuhin Ya Ɗauka a Tire

Ƙanena Tuhin ya cika shekara sha shida bai san abin da yake so ya zama ba, wannan kuwa a gidanmu laifi ne da ya kusa kamo sata. Ranar Litinin makaranta take jiran ya faɗi ɓangaren da zai shiga, kimiyya ko kasuwanci ko adabi. Yau ya ce likita, gobe mai ɗaukar hoto, jibi ya ce shi fa jirgin ƙasa yake son tuƙawa. Ina tausayinsa, amma hakan bai taɓa hana ni tsokanarsa ba.

Ranar Lahadi muna cin shinkafa da kifi, Gwaggo Shefali, ƙanwar Baba, ta buɗe laccarta.

"Na ji a rediyo," ta ce tana zare ƙaya, "yaron da bai san inda ya dosa ba a shekarun nan, har ya tsufa albashinsa ba ya kamo na sa'anninsa. Ka ji ko, Tuhin? Haka za ka ƙare, ka ga kifi a kasuwa ka kau da kai."

"Wane rashin sani?" in ji Baba. "Ai ya zaɓa tun yana wata shida."

Bikin cin shinkafar farko yake nufi. A al'adarmu, ranar ake ajiye wa jariri tire ɗauke da alƙalami, littafi, kwabo da curin yumɓu, abin da ya cafka shi ne makomarsa. Tuhin alƙalami ya cafka ya tura a baki.

"Alƙalami ilimi ne, ilimi kuwa kimiyya," Baba ya ci gaba. "Ni ma shi na ɗauka. Ga ni akawu, ban taɓa kwana da yunwa ba."

Tuhin ya sunkuyar da kai, idonsa ya ciko. Ni kuwa shekarata bakwai ranar bikin nan, kuma na ga abin da na gani. Sai na juya wajen Kaka, uwar Baba.

"Kaka, wai me ya sa ƙudaje suka yi ta bin alƙalamin nan ranar?"

"Ke Mithu, bakin nan naki sai ya ja miki."

"Tambaya ce kawai."

Ta lashe yatsunta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To, zumar dabino na shafa masa. Sai me? In zuba ido jikana ya ɗauki ƙasa a gaban baƙi? Duk 'ya'yan gidan nan haka na yi musu."

Gwaggo ta ƙware, sai da na buga mata baya.

Baba ya ajiye lomarsa. "Har ni?"

"Kai ne ma ka fi ba ni wahala, Nirmal. Ka lashe zumar tas, ka yar da alƙalamin, ka miƙa hannu wajen yumɓun. Juya tiren na yi ta yi har ka sake cafkar alƙalamin aka tafa."

Dariyata ta tsaya. Kowa a gidan ya san Baba ba ya dawowa daga ofis sai ta layin masu ƙera 'yan tsanar yumɓu. Nan yake tsayawa da jakarsa a hammata, yana kallon abokinsa Bishu yana gyara hancin gunki. Bishun da yanzu har ƙasashen waje ake aika kayansa, ya ɗora bene a gidansu.

"Ai Bishu sa'a ya yi," Gwaggo ta ce ƙasa-ƙasa, kamar ta san abin da kowa ke tunani.

Baba ya daɗe yana kallon hannuwansa. Can ya ɗago.

"Tuhin, kai me kake so?"

"Ban sani ba, Baba."

Na zaci zai yi tsawa, sai ya gyaɗa kai.

"Gobe zan bi ka makarantar, mu roƙi su ɗaga mana ƙafa. Kai ka yi sammako ma. Ni shekarata arba'in da takwas, yau na fara yi wa kaina tambayar."