Ƙwayar Maijidda a Gonar Auduga

Maijidda ɗiyar ƙanena Mati ce, amma ni na riƙe ta tun da uwarta ta rasu, don haka duk abin da ta fasa a unguwa wurina ake kawo ƙara. Kuma ta fasa da yawa. Yarinya ce da ba ta iya zama ko na tsawon shan koko. Ka aike ta sayen gishiri, sai ka tsince ta a kan katanga tana hira da akuyar maƙwabta. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba. Ni da nake kwana da ita na san tana so ta zauna, jikin ne yake ƙi.

A shekarar 1965 tana aji biyu a firamare a Malumfashi, hedimasta ya ce in ba ta natsu ba kafin ƙarshen zango zai ba wani yaro bencinta. Malamarsu, Malama Morenike, 'yar wani Bayarabe mai sayar da atamfa, haifaffiyar garin nan, ita ta roƙa aka yi mata wannan jinkirin.

Ita ce kuma ta kai mu wurin wani likita Bature da ya sauka a ƙaramin asibitin mishan da farkon damina. Ya ce a ƙasarsu irin wannan rawar kai ciwo ne, akwai ƙwayar da ake gwadawa, yana son ya ga ko za ta yi wa yaranmu aiki. Yara ashirin ya ɗauka. Kowace Juma'a a auna nauyinsu, a taɓa jijiyar hannu, Malama kuma ta kawo takardar da take ja wa layi duk lokacin da yaro ya tashi daga benci.

Da aka zo dangwala yatsa a takardar amincewa na miƙa nawa, sai Jimoh, malamin asibitin da ke yi masa tafinta, ya ce sai uba.

Na ce, "Ni ke ci da ita, ni ke wanke ta."

Ya ce, "Ki yi haƙuri Gwaggo Hansai, doka ce."

Aka kira Mati, mutumin da bai san ajin da ɗiyarsa take ba, ya dangwala, aka damƙa masa kwalbar ƙwayar yana washe baki. Mati ya ce kullum ta biyo ta zaurensa in za ta makaranta, ya ba ta.

Sati biyun farko na ga abin da ban taɓa gani ba. Cin abincinta ya ragu, wannan ya dame ni, amma layukan Malama sun sauko daga talatin zuwa huɗu. Ran nan ta shigo da allonta ta rubuta sunanta cikakke, tana nuna mini kamar na iya karatu. Ta ce, "Gwaggo, kaina ya yi shiru." Na juya baya ina gyara murhu don kada ta ga idona.

A sati na uku komai ya dawo. Ta yaga littafin wata yarinya, ta fice ta taga ana tsakiyar darasi. Na tambaye ta ko tana shan maganin, ta ce Baba yana ba ta kullum. Na yarda, don wauta ba ta da shekaru.

Sai ranar gayyar huɗar audugar Mati. Muka ɗauki fura da ɗanwake muka kai gona da azahar, muka tarar da ƙarti goma sha biyu suna huɗa kamar ana korarsu. Ba wanda ya kalli ƙwarya. Idanu sun firfito, ana ta cizon haƙora, kowa yana surutu ba mai sauraron wani. Can na hango ƙanena a gindin ɗorawa da kwalbar a hannu, yana ɓara ƙwaya gida biyu da farce yana rabawa kamar goron suna. Ashe tun da ya ga yarinyar ba ta jin yunwa ya ɗanɗana guda, ya yi aikin kwana biyu a yini ɗaya. Ita kuwa ƙwayar ciwon kai yake saya wurin mai tebur yana ba ta, tunda duk farare ne.

Na ce, "Mati, maganin ɗiyarka ne ka ke rabon sadaka da shi?"

Ya share zufa ya ce, "Haba Yaya, mi za ta yi da shi? Zama kawai ya ke sa ta. Dubi gonar ga."

Na ajiye furar a kan kunyar gona na yi gefe ina tofar da miyau.

Ran Juma'a na kai Maijidda da kaina, na faɗa wa likita komai, na roƙa a ba ni kwalbar a hannuna. Na ɗauka zai tausaya. Fuskarsa ta yi ja, amma ba don yarinyar ba, takardarsa ce ta dame shi. Ya ɗauki alƙalami ya ja dogon layi a kan lamba goma sha ɗaya, lambar Maijidda. Jimoh ya sunkuyar da kai ya ce an cire ta, sakamakonta ya ɓaci, sauran ƙwayar kuma ta waɗanda ke cikin binciken ce. Duk wannan magana yarinyar tana tsaye a kan sikeli tana jiran a ce ta sauka. Likitan bai ko dube ta ba. Da shi da Mati ban san wanda ya fi ba ni ƙyama ba.

Ƙarshen zango hedimasta ya cika alkawarinsa. Malama Morenike ta rako ta har gida tana kuka. Maijidda ba ta yi kuka ba, ta tambaye ni dai ko gobe ma kar ta je.

Kwana uku bayan nan ina bakin murhu ina suyar ƙuli-ƙuli, Mati ya yi sallama, yana janye da ɗansa Ummaru na wurin matarsa ta yanzu, yaron da in ka ajiye shi da hantsi a nan za ka same shi da la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gajiya, ya rage murya.

Ya ce, "Yaya, an ce Baturen nan na neman wanda zai maye gurbi. Ke suka sani. Ki kai wannan, ki ce masu shi ma ba ya zama. Noman maimai ya kusa, ga gonar audugar na jira."

Maijidda tana bayana tana jin mu.